Yadda Ake Haɗa Jirgin Sama Na Kara Mai Igiya Biyu

Da an gama girbin dawa a Kutemeshi da sauran ƙauyukan Birnin Gwari, sai kara ya wadata. Magidanta su yi danga, mata su hura wuta, yara kuwa su ƙera motar kara. Wasu yaran har jirgin sama suke yi. To, amma jirgin nasu na kallo ne kawai. In an wurga shi, sai ya faɗi da ka ya karye.

Akwai dabarar da za ta sa ya tashi. A ƙasashen Turawa manya ma suna wannan wasa. A shekarar 1940 wani Ba'amurke, Jim Walker, ya fara sayar da ƙaramin jirgi mai ɗan inji wanda ake tuƙawa da siraran wayoyi biyu. Tsawonsu yakan kai mita 18. Matuƙi yana tsaye a tsakiyar fili, jirgi yana kewaya shi. In ya karkata hannu sama, jirgi ya hau. In ya karkata ƙasa, ya sauko. Gwanaye har alkafura suke sa shi.

Da icen balsa suke yin nasu, ice marar nauyi da ake kawowa daga ƙasar Ekwado. Dangin rimi ne. Yaron ƙauye ba ya bukatarsa, domin totuwar kara ma ba ta da nauyi. Inji ma ba dole ba ne. Sai a rage igiya zuwa mita 3 ko 4, yaro ya riƙa juyawa yana jan jirgin, kamar mai wulwula majajjawa.

A samo busasshen sille miƙaƙƙe mai tsawon kamu ɗaya. Shi ne gangar jiki. Fiffike ya ɗan fi shi tsawo. A fere siririyar gora guda ɗaya, ta ratsa fiffiken daga wannan baki zuwa wancan. Ita ce ƙashin bayansa, kuma kada a yi mata mahaɗi a tsakiya. A jera haƙarƙari na totuwa a kanta, a rufe da tsohuwar jarida da sitacin rogo. Takardar buhun siminti ta yi nauyi.

Nan ne yawancin masu haɗawa suke ɓata aiki. Don tsoron karyewa sai su lafta gam da ƙusoshi ko'ina. Jirgi ya yi nauyi, ya ƙi tashi, in kuma ya faɗi nauyin ne zai farfasa shi. Wuri uku kaɗai ke son ƙarfi: hanci, mahaɗar fiffike da jiki, da kuma inda igiya ta kama. A naɗe wuraren nan da zare tam, a shafa ƙaro ko gam a kan zaren, a bari ya kwana. Zaren da ya sha gam ya fi ƙusa riƙo, domin ƙusa tsaga kara take yi.

Sai maganar tuƙi. A raba wutsiya biyu. Ta gaba a kafe take, ta baya kuwa a liƙa ta da ƙyalle, ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar ƙyaure. A yanko gwangwani mai kusurwa uku, a soke tsakiyarsa da ƙusa ɗaya a jikin gorar nan, yadda zai iya juyawa. Igiyoyin biyu su kama kusurwa biyu, su fita ta fiffiken hagu. Wayar ƙafar keke ta haɗa kusurwa ta uku da wutsiya. Jan igiya ɗaya ya ɗaga wutsiya, jan ɗayar ya sauke ta. A maƙala 'yar ƙusa a bakin fiffiken dama, don kada jirgi ya karkato wajen matuƙi igiya ta saki.

Kafin gwaji, a raba faɗin fiffike gida huɗu. A ɗora jirgin kan yatsu biyu a ƙarshen gidan farko daga gaba. In wutsiya ta rinjaya, a ƙara wa hanci nauyi kaɗan kaɗan har ya daidaita.

Iyaye kada su ce wasan banza ne. A shekarar 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota, ya tashi kamar ƙafa 7 daga ƙasa. A Zariya kuma akwai kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirgin sama tun 1964.

Filin makaranta a cikin gari ya fi dacewa da gwaji, da safe kafin iska ta taso. A nisanci wayar lantarki, ƙananan yara kuma su tsaya bayan da'ira.