Yadda Masassaƙan Ingila Ke Busar Da Ɗanyen Itacen Elm

Akwai wata bishiya a ƙasashen Turai da Amurka da ake kira elm, wadda masassaƙan Ingila suka daɗe suna ji da ita. Jijiyoyin itacenta a sarƙe suke, don haka ba ya darewa da sauƙi. Shi ya sa tun zamanin da ake yin cibiyar ƙafar keken doki da mazaunin kujera da akwatin gawa da shi, a da can har ma da bututun ruwan birnin Landan, domin ba ya ruɓewa muddin yana jiƙe kullum.

To, amma daga ƙarshen shekarun 1960 wata muguwar cuta, wadda wasu ƙwari masu shiga ƙarƙashin ɓawo ke yaɗawa, ta hallaka bishiyoyin elm wajen miliyan 25 a Birtaniya. Saboda haka duk masassaƙin da ya sami gungume mai kyau a yau ya san ya yi tsintuwa, kuma sakacin 'yan kwanaki ya isa ya mayar da shi itacen girki.

Abin da ke kawo ɓarnar shi ne ruwan da ke cikin ɗanyen itace. Ya fi saurin fita ta kan gungume, wato inda zarto ya yanka, fiye da ta gefe. Kan sai ya bushe ya tsuke alhali ciki na nan jiƙe, daga nan sai tsaga ta ɓulla. Maganin wannan, da zarar an sare bishiyar sai a shafe kawunan biyu da kakin zuma ko fenti mai kauri. Sa'an nan a raba gungumen biyu a tsaye da zarto, a fitar da zuciyarsa, domin daga nan yawancin tsaga ke farawa. Akan kuma ɓare ɓawon, don kada ƙwarin nan su sami wurin hayayyafa.

Bayan haka hanya biyu ce. Ta farko, a jera itacen a rumfa mai inuwa da iska, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna tsakanin guntaye. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, kowane inci ɗaya na kauri yana bukatar kamar shekara guda. Marigayi George Lailey na ƙauyen Bucklebury, wanda ya rasu a 1958, da itacen elm da ya sha ajiya yake sassaƙa akusa a injin da ake juyawa da ƙafa. Injin nasa yana ajiye a gidan tarihin rayuwar karkara da ke Reading.

Ta biyu ta fi sauri. Ana ɗora itacen tun yana ɗanye a injin juyi, a fafe shi sama-sama, a bar kaurin bangonsa ya kai kashi 10 cikin 100 na faɗin bakinsa. Wato akushi mai faɗin inci 10 a bar masa inci 1. Sai a sa shi cikin jakar takarda tare da ɓarɓashin da aka sassaƙe, a ajiye wuri mai sanyi. Lokaci-lokaci akan ɗora shi a sikeli a rubuta nauyinsa. In nauyin ya daina raguwa, to ya bushe. A lokacin za a tarar bakinsa ya karkace ya zama kamar ƙwai, domin elm ya yi suna wajen murɗewa. Kaurin nan da aka bari shi ke ba da damar mayar da shi kan inji a daidaita shi.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masassaƙin elm ma a ranar sara yake fara kiwon itacensa, ya kuma yi haƙurin watanni ko shekaru kafin ya ga akushin.