Iqbal Masih, Yaron da Aka Jinginar

A garin Muridke, kusa da birnin Lahore a ƙasar Pakistan, aka haifi Iqbal Masih a shekarar 1983, a gidan wasu matalauta Kiristoci waɗanda, sa'ad da larura ta auka musu, ba su sami abin bayarwa jingina ba sai ɗansu. Suka karɓi rupi 600 a hannun wani mai masaƙar darduma, bisa sharaɗin yaron, wanda bai wuce shekara huɗu ba, zai zauna gindin masaƙa har ranar da bashin ya biya.

Amma irin wannan bashi, da mutanen can ke kira peshgi, ba domin a biya shi ake ƙulla shi ba, gama kuɗin abincin da yaro ya ci, da tarar kowane ƙulli da ya kuskure, da riba, da ɗan abin da iyaye suka ƙara ranta, duka a kansa ake rubutawa. Saboda haka bayan shekara shida yana durƙushe awa goma sha biyu kullum, yana shaƙar ƙurar ulu, yatsunsa duk tsaga, sai aka tarar bashin ya kai rupi 13,000. Masu masaƙa kan kafa hujja da cewa ƙananan yatsu sun fi iya ƙulli, alhali haƙiƙanin dalili shi ne yaro ba ya jayayya a kan lada, bai kuma san hanyar kotu ba. Mu kuwa mun saba kiran irin wannan yaro ɗan albarka, muna mance cewa nafaƙa a wuyan uba shari'a ta ɗora ta, ba a wuyan wanda alƙalami bai hau kansa ba.

A 1992 majalisar Pakistan ta haramta bautar bashi, ta kuma soke basussukan. Iqbal ya ji wannan labari a wani taro na ƙungiyar Ehsan Ullah Khan mai fafutukar 'yanta irin waɗannan ma'aikata, ya kuɓuta, ya shiga makaranta a Lahore, ya riƙa tsayawa gaban jama'a yana bayyana abin da ke gudana a masaƙu. A 1994 ya je Suwidin da Amurka, inda kamfanin Reebok ya ba shi lambar yabo a Boston, waɗanda suka gan shi kuwa suka yi mamakin yadda wahala ta tsumburar da shi.

Ranar 16 ga Afrilu, 1995, ranar idin Ista, aka harbe shi yana kan keke tare da 'yan'uwansa kusa da garinsu. Ƙungiyar Ehsan Ullah Khan ta zargi fataken darduma, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Pakistan kuma ta ce wani leburan gona ne ya harbe shi, kan sababin da bai shafi masaƙa ba. A 1999 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 182, wadda ta lissafa bautar bashi cikin mafi munin ayyukan da ake sa yara.