Ƙasa za ta iya rufe ƙofa ta ci da kanta?

Duk lokacin da dala ta tashi, kaya suka yi tsada a kasuwa, sai ka ji maganar ta dawo a majalisa da teburin mai shayi: me ya sa ba za mu rufe iyakokinmu mu ci abin da muka noma ba? Ƙasar noma muna da ita, ga ruwa, ga mai, ga jama'a. Maganar tana da daɗin ji, kuma ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinta ba. Sai dai kafin a kai ga tuwo, a fara duba buhun takin da ya fitar da masarar.

Takin NPK da manomi yake saye a Funtuwa ko Giwa sinadarai uku ne aka gauraya: yuriya da fosfet da fotash. Yuriya dai Najeriya tana yin abarta da iskar gas, a masana'antar Indorama da ke Eleme da ta Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022, har ana fitar da ita waje. Fosfet kuwa daga Maroko ake kawo shi, ƙasar da ke zaune a kan kusan kashi 70 cikin 100 na fosfet ɗin da aka sani a duniya, kuma yarjejeniyar da gwamnatin Buhari ta ƙulla da ita a ƙarshen 2016 ce ta farfaɗo da kamfanonin gauraya taki na cikin gida. Fotash ƙasashe ƙalilan ne ke haƙarsa da yawa, irin su Kanada da Rasha da Belarus. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, kayan Rasha suka maƙale, sai da Najeriya ta juya ta nemo shi daga Kanada. Ashe masarar da muke kira tamu, tun tana tsiro da hannun baƙo a jikinta. Ba a ma yi maganar injin ban-ruwa da maganin feshi ba.

Babu ƙasar da ta ɗauki dogaro da kai da zafi kamar Koriya ta Arewa. Tsohon shugabanta Kim Il Sung ya mayar da shi aƙidar gwamnati mai suna Juche, ana koyar da ita tun daga firamare. Ƙasa ce mai yawan duwatsu, filin nomanta kaɗan, daminarta gajera. Don a cika rumbu sai aka dogara da zuba taki mai yawa, da tarakta, da famfunan ban-ruwa masu aiki da lantarki. Abin da ba a cika faɗa wa talakawa ba shi ne, man da ke juya duk wannan daga Tarayyar Sobiyat yake zuwa, a kan farashin zumunci. Da Sobiyat ta rushe a 1991, aka ce kowa ya biya da kuɗi tsaba, sai masana'antun taki suka tsaya, tarakta suka zauna, famfuna suka yi shiru. Ambaliyar 1995 ta zo ta ƙarasa abin da ya saura. Yunwar da ta biyo baya, ko a ƙiyasi mafi sauƙi, ta kashe mutane dubu ɗaruruwa, kuma gwamnatin da ke wa'azin dogaro da kai ita ce ta miƙa ƙoƙon bara ga Majalisar Ɗinkin Duniya. A yau kusan duk cinikinta na waje da Sin take yi. Wanda ya ƙi ciniki da kowa, ga shi nan a hannun mutum ɗaya.

Ana yawan kafa hujja da Japan, wadda ta rufe ƙofarta fiye da shekara 200 kafin jiragen ruwan Amurka su tilasta mata buɗewa bayan zuwansu a 1853. Amma ko a lokacin ta bar taga a Nagasaki, inda 'yan kasuwar Holan da na Sin suke sauke kaya. Kuma zamani ne da ba a san fetur ba.

Mu ma mun ɗanɗana. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda shinkafar waje, ba a sake buɗe Seme da Illela da Maigatari ba sai Disambar 2020. A yi adalci: manoman Kebbi da Jigawa sun samu kasuwa, injinan gyaran shinkafa sun ƙaru a Kano. Amma kuɗin buhu ya hau, mai cefane ne ya biya, 'yan fasa-ƙwauri kuma suka koma ɓarauniyar hanya da babura, buhu biyu a baya ɗaya a kan tanki. Nijar kuwa ba ita ta zaɓi rufe ƙofa ba, rufe mata aka yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba mata takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da ke ba ta kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, manyan motoci suka yi cirko-cirko a kan iyakar Benin. Magani ya yi ƙaranci, kaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Ƙasa mai yuraniyom a Arlit da albasa a Galmi ta ga cewa arzikin da ba shi da hanyar fita ba ya sayo allurar yaro.

Abin mamaki ma shi ne a ji Bahaushe yana sha'awar rufe ƙofa. Goron da ake ɗaura aure da shi ba ya fita a ƙasar Kano. Kakanninmu ne suka bi hanyar Gwanja da jakuna suka ɗauko shi. Gishiri daga Bilma ayarin raƙuma suke kawowa, turkuɗin da aka rina a Kano kuma har cikin Sahara ake naɗa shi.

A ganina, tambayar da ta fi dacewa ita ce: wane kaya ne idan aka yanke mana shi wata uku za mu durƙusa, kuma mutum nawa ne ke sayar mana da shi? A nan ne rage dogaro yake da ma'ana. Ƙasa mai arzikin mai ta shafe shekaru tana sayo tataccen fetur daga Turai, wannan kam sakaci ne, kuma matatar Ɗangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana ta fara gyara shi a 2024. Ita ɗin ma, a cikin shekararta ta farko, sai da ta sayo ɗanyen mai daga Amurka.