Idan Yaƙi Ya Rutsa da Ɗalibi: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Abin ya rutsa da ɗaliban Najeriya dubbai, galibinsu 'yan Arewa, masu karatun likitanci, haɗa magunguna, Larabci da shari'a a makarantu irin su Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Duk uban da ke Kankiya, Kusada ko Boko, in yana shirin tura ɗansa karatu nesa, ya kamata ya san yadda ta kasance da su.

Matsalar farko ita ce hanyar fita. Filin jirgin saman Khartoum na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, don haka babu zancen tashi. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, bankuna suka rufe. Ɗalibi na da kuɗi a asusu, amma ba shi da na burodi a aljihu, ga waya ba caji balle ya kira gida. Sai ranar 26 ga Afrilu motocin bas suka fara kwashe su zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki cikin rana da ƙishirwa kafin a ba su izinin shiga. Rukunin farko, mutum 376, ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu a jirgin Air Peace da na sojin sama. Wasu kuma ta Port Sudan aka ɗauko su. Jimilla an dawo da sama da mutum 2,500.

Bayan an tsira da rai, sai batun takardu ya taso, kuma nan ne da yawa suka ji jiki. Hukumar JAMB ta buɗe musu hanyar komawa jami'o'in gida, amma kowace jami'a na son ganin shaidar ajin da ɗalibi ya kai da makin da ya ci. Wa zai buga maka wannan shaida alhali ofishin makarantar yana bakin daga? Likitanci kuwa gurbinsa a ƙayyade yake a kowace jami'a, ba a ɗaukar fiye da adadin da hukumar likitoci ta yanke. Wanda ya fito da jaka ɗaya ba takarda, shekarun da ya kwashe yana karatu na iya tafiya a banza.

Kada a ce wannan labarin ƙasar wasu ne. A Oktoban 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, maƙwabciyar Kankiya, daga gidan haya a wajen makaranta. Makonni kaɗan kafin nan an yi irinta ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida. Duka biyun a masaukin da ke wajen katangar jami'a abin ya faru.

Saboda haka shiri tun kafin a tafi ake yin sa. Kowane ƙarshen zango ɗalibi ya karɓi sakamakonsa, ya ɗauki hotonsa tare da fasfo da takardar shiga makaranta da rasiɗan kuɗin makaranta, ya turo gida a adana. In a waje yake, ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da ƙungiyar ɗalibai, domin da jerin sunaye ake kwasar mutane. Ya ajiye ɗan kuɗi a hannu, kada fasfonsa ya kwana a hannun kowa. In a gida ne, uba ya je da ƙafarsa ya ga masaukin: da katanga, da maigadi, kusa da jama'a? In an samu ɗakin kwanan cikin makaranta, ya fi.

Ba a fasa neman ilimi don tsoro. Addu'ar da ake raka yaro da ita tasha, a haɗa ta da wannan shiri.