Kerkeci da Makiyayi a Turai: Me Fiƙihu Ke Cewa?

A watan Disamban 2024, ƙasashen da suka sa hannu a Yarjejeniyar Bern ta 1979 sun amince da sassauta kariyar da doka ta bai wa kerkeci. A da ba a kashe shi sai bisa lalura mai ƙarfi. Yanzu ana iya rage yawansa bisa tsari, muddin jinsin ba zai shiga haɗarin ƙarewa ba. A 2025 Tarayyar Turai ta gyara dokarta a kan haka.

Harbi da guba sun kusa shafe kerkeci daga yammacin Turai, doka ce ta dawo da shi. A Jamus sai a 2000 aka sake ganin ya haihu a daji. Zuwa 2023 yawansa a ƙasashen Tarayyar ya haura 20,000, kuma yana kashe dabbobin kiwo fiye da 60,000 a shekara, galibi tumaki da awaki. Makiyaya sun daɗe suna kuka. A 2022 kerkeci ya kashe wata ƙaramar goɗiya ta Ursula von der Leyen, shugabar Hukumar Tarayyar, shi ya sa wasu ke tsegumin cewa ba a ji kukan ba sai da ɓarna ta shiga gidan manya.

Malamanmu ba su yi shakkar halaccin tunkuɗe mai cutarwa ba. Manzon Allah (SAW) ya halatta wa mai harami kashe kare mai cizo, kuma Imamu Malik a Muwaɗɗa ya shigar da zaki da damisa da kerkeci cikin wannan hukunci. Wanda kerkeci ya afka wa garkensa yana da haƙƙin kare dukiyarsa.

Sai dai akwai iyaka. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu, Allah Ya yi masa wahayi cewa saboda cizon guda ɗaya ya halaka al'ummar da ke tasbihi. Suratul An'am ma ta kira dabbobi al'ummai irinmu. A fahimtata, nan ne mizanin yake: a kawar da wanda ya saba da ɓarna, a bar jinsin. Kuma ba adalci ba ne mazauna birni su so kerkeci ya rayu, asarar kuwa ta hau kan makiyayi shi kaɗai. Wajibi ne hukuma ta biya shi diyya, ta taimaka masa da shingen lantarki da karnukan gadi. Riƙon kare don tsaron dabbobi dama Sunna ta yi rangwame a kansa.

Saura tabbatar da mai laifi. A Jamus, idan an sami tunkiya a mace, jami'ai kan ɗebi samfuri daga raunin a gwada ƙwayoyin halitta, domin wani lokaci karen gida ne ya yi ɓarnar. Mai karatun Suratu Yusuf ba zai yi mamaki ba. 'Yan'uwan Annabi Yusuf (AS) sun kawo rigarsa da jinin ƙarya suka ɗora wa kerkeci, kuma masu tafsiri sun ambata cewa Annabi Yaƙub (AS) ya duba rigar, bai ga inda haƙori ya yaga ta ba.