Jita Mai Shafaffiyar Fuska da Jita Mai Doro

Duk wanda ya ratsa Mararaban Rido, a bisa hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Kachia, da safiyar Lahadi ko kuwa da yammacin da mawaƙan coci suke bita, da wuya ya wuce bai ji amon jita ba. Kuma idan ya leƙa, in dai ba ta lantarki ya tarar ba, galibi abin da zai gani shi ne akwatin katako mai shafaffiyar fuska da kewayayyen rami guda a tsakiya, har jama'a da dama suna zaton ita ke nan jitar, alhali kuwa tana da 'yar'uwa mai doro wadda suka sha bamban tun daga asalin ƙira.

Jigon mas'alar shi ne yadda tsirkiya take saduwa da katako. A shafaffiyar, manne jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa kansa, ake yi da gam a kan fuska, a cusa ƙarshen kowace tsirkiya a cikinsa a danne da 'yar turaka, saboda haka tsirkiyoyi shida na ƙarfe, waɗanda jansu ya kai kimanin kilo 70, kullum ƙoƙarinsu su ɓamɓaro jakin daga allon da kaurinsa bai wuce milimita 3 ba. Abin da ya hana allon ya karye shi ne 'yan sandunan da aka gicciya daga ciki, hikimar da gidan C. F. Martin ya shahara da ita, wato Bajamushen nan da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1833. Fa'idar wannan ƙira kuwa ita ce amo mai faɗi, mai daɗewa kafin ya mutu, wanda yake yi wa muryar mai waƙa shimfiɗa.

Ita mai doro, sassaƙa fuskarta ake yi daga katako mai kauri, a rarake cikinsa har ya yi tudu a tsakiya, aikin da Orville Gibson ya fara a garin Kalamazoo a shekarun 1890, kafin Lloyd Loar ya ƙara mata siraran ramuka biyu masu lanƙwasa a samfurin L-5 a farkon shekarun 1920. A nan ba a manne jaki sam. Tsirkiyoyin suna hawa ta kansa ne su wuce zuwa wani ƙarfe da aka kafe a gindin jitar, ƙarfin jansu kaɗai ke danne shi. Kuma lalle wanda ya taɓa duban goge da kyau, ya ga yadda izga take danne ɗan jakinsa a kan fata ba gam ba ƙusa, ya riga ya fahimci al'amarin. Shi ya sa gwani ba ya kwance tsirkiyoyinta duka a lokaci guda, domin jakin zai zame ya faɗi, sa'an nan sai an sha wahalar nemo ainihin mazauninsa, tun da gocewar kaurin farce ta isa ta ɓata sautin. Amonta kaifi gare shi, yana fita da ƙarfi ya ɗauke da wuri, wanda shi ne ainihin abin da makaɗan jaz suka bukata a zamanin da ba lasifika, ga kuma ƙahoni da ganguna suna neman binne mai jita.

Da kamfanin Gibson ya fito da jitar ES-150 mai lantarki a 1936, makaɗin jaz Charlie Christian kuma ya nuna wa duniya abin da za a iya yi da ita, sai hujjar doron ta soma rauni, har ya zama makaɗa irin na ƙungiyar Bala Miller a Kaduna, ko Bombino na Agadas a zamaninmu, ba su bukaci doro don a ji su ba. Ga tsada kuma, domin sassaƙa aikin haƙuri ne.

A ganina, ga mai raka waƙar jama'a a wannan yanki, shafaffiyar ce daidai, amma fa da sharaɗi, domin hunturu abokin gabarta ne. Idan damina ta yi nisa allon yakan sha laima ya kumbura a bayan jaki, tsirkiyoyi su yi sama su riƙa cin yatsu. Idan kuwa buji ya kaɗa a watan Janairu, sai ya bushe ya tsuke, kuma tun da sandunan ciki sun riƙe shi gam ba shi da wurin motsi, sai ka ga siririyar tsaga ta bi layin katakon daga jaki zuwa gindi, ko kuma bayan jakin ya ɗaga har takarda ta iya shiga ƙarƙashinsa. Mai doro ta fi jure wannan, ko da yake ita ma ba ta tsira ba, domin doronta yakan sauka ya hau da yanayi, ga kuma dunƙulallun ƙarafa biyu a jakinta da ake murzawa a daidaita tsayin tsirkiya. Mai shafaffiya ba shi da wannan sauƙi. Abin da ya rage masa shi ne ya raba ta da rana da jikin bango mai zafi, ya sassauta tsirkiyoyi idan za ta daɗe a ajiye, ya kuma sa ɗan soso mai damshi cikin gwangwanin da aka huhhuda a cikin jakarta har ruwan farko ya sauka.