Kalmar Sirri Ta Ɓace? Kada a Yi Gaggawar Goge Kwamfuta

Ɗalibi ko ɗan kasuwa a Farfaru ta ƙaramar hukumar Jibiya, idan ya manta sunan shiga da kalmar sirrin kwamfutarsa, shawarar da zai fara ji ita ce ya kai wa mai gyara a sake mata Windows. Wannan ya kamata ya zama mataki na ƙarshe, domin takardu da lissafin kaya kan salwanta a nan. Sunan ba shi ne matsala ba, galibi yana rubuce a allon shiga. Abin dubawa shi ne irin asusun. Idan na Microsoft ne, ana sauya kalmar ta intanet ko da waya, kamfanin ya turo lambar tabbatarwa ta imel ko layin da aka yi rajista. Idan kuwa asusun na cikin na'urar ne kawai, tun 2018 Windows 10 na ba da damar amsa tambayoyin tsaro, muddin an sa su tun farko.

Wani zai ce hanyar Microsoft ta dogara da sabis, kuma Jibiya na cikin ƙananan hukumomin Katsina da aka katse wa layukan waya a Satumban 2021. Gaskiya ne, amma jinkiri kawai wannan ke jawowa, takardun suna nan. Masu cewa mai gyara zai iya tsallake makullin ma suna da hujja, sai dai idan an rufe faifan kwamfutar da tsarin kulle bayanai na BitLocker, babu mai ciro komai sai da mabuɗin farfaɗowa mai lambobi 48, wanda sau da yawa yake ajiye a asusun Microsoft ɗin.